Tallafin rashin aiki a Birtaniya: abin da ma'aurata ya kamata su sani kafin kuɗin ya zama bashi

Mu matasa da ke taya jama'a karanta takardun hukuma mun lura da matsala ɗaya da ke yawan dawowa. Mutum yana karɓar tallafi shi kaɗai, sai a ɗaura aure, ko maigida ya iso daga gida, ba a sanar da kowa ba. Bayan wata da watanni sai ga wasiƙa, wai an biya kuɗi fiye da ƙima, a mayar. Yawancin waɗanda abin ke samu ba da niyyar cuta suka yi ba, rashin sanin ƙa'ida ne. Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri ɗaya. Ya shafi Ingila da Wales da Scotland, inda ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, ke biyan tallafin. Adadin kuɗin da muka kawo na shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ne, kuma ana sabunta shi kowane watan Afrilu.

Tallafi iri biyu ne, kada a haɗa su

Wanda aiki ya kuɓuce masa yana da ƙofa biyu.

Ta farko ita ce New Style Jobseeker's Allowance, a taƙaice JSA. Ana duba gudummawar inshorar ƙasa da aka riƙa cirewa daga albashinka a shekarun haraji na baya-bayan nan. Ana biya har kwana 182, kusan wata shida, duk bayan mako biyu. Mai shekara 25 zuwa sama yana samun har fam 92.05 a mako, wanda bai kai 25 ba fam 72.90. Wannan kuɗi naka ne kai kaɗai. Albashin matarka ko na mijinki bai shafe shi ba, haka ma ajiyar banki.

Ta biyu ita ce Universal Credit. Dokar 2012 ce ta kafa shi, aka fara biyansa a 2013, ya haɗe tsofaffin tallafi guda shida, har da kuɗin haya da tallafin yara na haraji. Wannan gida ake dubawa gaba ɗaya: me ke shigowa, me aka ajiye, mutum nawa ke ci. A nan ne zaman tare ke da nauyi, kuma a nan ne yawancin bashin ke fitowa.

Ana iya karɓar biyun lokaci guda, amma duk fam ɗaya na JSA ana rage shi daga Universal Credit.

Su wa hukuma ke kira ma'aurata

Doka ta ce mutum biyu ma'aurata ne idan suna da aure kuma suna gida ɗaya, ko kuma suna zaune tare irin zaman miji da mata ko da babu takardar aure. Wannan na biyun shi ne ke kama mutanenmu. Da yawa an ɗaura musu aure a masallaci ko a falo, an ba da sadaki, an ci goro, amma ba a je ofishin rajista ba. Sai a ɗauka tunda gwamnati ba ta san da auren ba, kowa yana nan a matsayin gwauro. Ba haka ba ne. Daga ranar da amarya ta tare, a wajen DWP kun zama gida ɗaya.

Idan aka yi shakka, ma'aikacin da ke yanke hukunci yana duba abubuwa shida:

- ko kuna zaune gida ɗaya, tukunya ɗaya, kaya wuri ɗaya
- ko zaman ya ɗore
- yadda kuke tafiyar da kuɗi, wa ke biyan haya da wuta da cefane
- ko akwai mu'amalar aure tsakaninku
- ko kuna da 'ya'ya tare ko kuna renon yara tare
- yadda jama'a suka san ku

Babu ɗaya daga ciki da ke yanke magana shi kaɗai, duka ake haɗawa a auna. Akwai wata magana da ke yawo cewa in mutum bai wuce kwana uku a mako yana kwana a gidan ba, ba komai. Wannan ba ya cikin doka. Mai aikin dare ko direban babbar mota da ke dawowa sau biyu a mako yana iya zama ɗan gida, in dai nan ne kayansa da wasiƙunsa suke, nan kuma yake komawa.

Wa da ƙanwa, ko abokai biyu da suka haɗa kuɗin haya, ba ma'aurata ba ne. Haka kuma miji da mata da suka rabu amma tsadar haya ta hana ɗayansu tashi, kowa na iya nema shi kaɗai, muddin za su nuna cewa kowa da girkinsa da kuɗinsa da ɗakinsa.

Yadda ake nema tare, da abin da ake biya

Kowane ɗayanku zai buɗe asusunsa a intanet. Na farko zai sami wata lamba ya ba na biyu, da ita ake haɗa asusun biyu. Dole ne ku duka ku yi, ko da ɗayanku yana da cikakken aiki. Kowa kuma zai amince da sharuɗɗan da aka ɗora masa a Jobcentre. Kuɗin farko yakan ɗauki kimanin mako biyar, daga nan sau ɗaya a wata, cikin asusun banki ɗaya.

Ga ainihin kuɗin wata, ban da na haya da na yara:

- mutum ɗaya da bai kai 25 ba: fam 316.98
- mutum ɗaya mai 25 zuwa sama: fam 400.14
- ma'aurata da dukansu ba su kai 25 ba: fam 497.55
- ma'aurata da aƙalla ɗaya ya kai 25: fam 628.10

A duba lissafin. Mutum biyu masu shekara 25 zuwa sama da kowa ke karɓar nasa suna samun fam 800.28. In suka haɗu gida ɗaya, haƙƙinsu fam 628.10 ne. Bambancin fam 172.18 ne a wata, sama da fam 2,000 a shekara, tun ba a taɓa maganar albashi ko haya ba.

Idan ɗayanku na aiki, duk fam ɗaya da ya samu bayan haraji ana rage peni 55 daga tallafin gidan. Masu yara, da wanda rashin lafiya ya rage masa ƙarfin aiki, ana bar musu wani kaso na albashin kafin a fara ragewa.

'Yar'uwa da maigida ke riƙe kuɗin ya bar ta da yara ba cefane, ko wadda ke fuskantar duka da tsangwama, tana da damar neman a raba kuɗin gida biyu. Tana iya gaya wa ma'aikacinta a Jobcentre a keɓe.

Ajiya, adashe da filin da ke gida

Ajiyarku a haɗe ake lissafa ta. Ƙasa da fam 6,000 ba a taɓa komai. Daga 6,000 zuwa 16,000, kowane fam 250 yana rage fam 4.35 a wata. In ta haura 16,000, babu Universal Credit sam. Misali, miji na da fam 5,000, mata na da 5,000. Da can kowa yana ƙasa da iyaka. Yanzu sun zama 10,000, za a riƙa rage fam 69.60 kowane wata.

Abu uku ne suka fi shafarmu a nan.

Na ɗaya, adashe, ko susu kamar yadda muke cewa a Ghana. Uwar adashe da ke tara kuɗin mutum goma a asusunta, a takardar banki kuɗin nata ne. Ta riƙe littafi mai sunaye da ranaku da abin da kowa ya zuba, don ta iya nuna amana ce take riƙe da ita. Mafi kyau a ware wa adashen asusunsa daban. Wanda ya kwashi nasa rabon kuwa, kuɗin ya shiga lissafin ajiyarsa.

Na biyu, gida ko fili a Kumasi, Tamale, Nima ko ko'ina a wajen Birtaniya. Dukiya ce a idon doka, kuma fom ɗin yana tambaya. A faɗa, a bar su su yi ƙiyasi. In gidan gado ne da kuka haɗa da 'yan'uwa, a bayyana haka.

Na uku, tura kuɗi gida da gangan don ajiya ta sauka ƙasa da iyaka. In hukuma ta gamsu cewa don a sami tallafi aka yi, za ta lissafa kuɗin kamar suna hannunka har yanzu.

Wasu yanayi da muke yawan gani a zango

*Wanda ya zo da bizar aure.* Yawanci irin wannan biza tana hana cin tallafin gwamnati. Wanda ke da izinin karɓa zai iya ci gaba, amma a kan adadin mutum ɗaya, kuma za a lissafa albashi da ajiyar wanda ya zo. Ɓoye shi ba ya kare bizarsa, ƙara jefa ku cikin matsala yake yi. Kafin a taɓa komai a ga mai ba da shawara kan shige da fice wanda ke da rajista. JSA da ake samu ta gudummawar albashi ba ya cikin tallafin da bizar ta hana.

*Iyali na gida Ghana.* Matar da ke zaune a Kumasi ba ta taɓa tarewa nan ba, ba gida ɗaya kuke ba. Amma ranar da ta sauka ta shigo gidan, ranar ce za a sanar. Wanda kuma kuke tare da shi ya yi tafiya da niyyar dawowa, ana ci gaba da ɗaukar ku ma'aurata sai in rabuwar ta wuce wata shida, ko ana sa ran za ta wuce.

*Tafiya.* Universal Credit yana ci gaba har wata ɗaya kana wajen ƙasa, in ka sanar kafin ka tashi kuma kana cika sharuɗɗanka. In rasuwar makusanci ce ta kai ka, ana iya ƙara wata ɗaya. Masu zuwa Hajji, da masu tafiya gida azumi su zauna har bayan Sallah, su ƙirga kwanakinsu da kyau.

*Mai mata fiye da ɗaya.* In an ɗaura auren a ƙasar da dokarta ta yarda da haka kuma duka suna gida ɗaya, miji da uwargida ne ke nema tare, amarya ta nema a matsayin mutum ɗaya.

*Dattawa.* Tun 15 ga Mayu 2019, in ɗaya ya kai shekarun fansho ɗaya bai kai ba, sabon nema yana tafiya Universal Credit ne, ba Pension Credit ba. Baba da ke karɓar Pension Credit shi kaɗai, in ya auri wadda ba ta kai shekarun ba ta tare, tallafinsa zai canza. A nemi shawara kafin biki.

Yadda rarar kuɗi ke taruwa

Ga misali. Wata 'yar'uwa mai shekara 28, ba yara, tana karɓar fam 400.14 da fam 700 na haya, jimla 1,100.14. Aka ɗaura aure, ango ya tare, yana kawo fam 1,500 a wata bayan haraji. Haƙƙinsu tare shi ne 628.10 da 700, wato 1,328.10, a cire kashi 55 cikin 100 na albashinsa, fam 825. Saura 503.10. In ba ta sanar ba, kowane wata tana karɓar fam 597.04 da ba nata ba. Cikin wata goma ya kusa fam 6,000. Wannan ma shi ne mafi ƙarancin lissafi, don wasiƙar tana iya neman duk abin da aka biya ta tun ranar tarewa.

Ana lissafin Universal Credit wata-wata ne, daga ranar da ka fara nema. Canjin da ke rage kuɗi yana komawa farkon watan lissafin da ya faru a ciki, ko yaushe ka faɗa. Canjin da ke ƙara maka kuɗi kuwa, in ka makara ba tare da uzuri ba, daga watan da ka sanar zai fara. Jinkiri ta ko'ina asara ne.

Hukuma na ganewa ta hanyoyi da dama. Masu ba da aiki suna tura bayanin albashi ga hukumar haraji duk lokacin biya, da adireshin ma'aikaci. Akwai bayanan ƙaramar hukuma, akwai binciken da ake yi lokaci-lokaci inda ake neman takardun banki, akwai kuma masu kai rahoto.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne wannan: a Universal Credit da New Style JSA, doka ta ba DWP ikon karɓar duk rarar da aka biya ko da kuskuren daga ofis ya fito. Don haka in ka sanar amma ka ga kuɗin bai ragu ba, kada ka ɗauka rabo ne. Ka sake rubuta musu, ka ajiye rarar gefe. Kuma in kun nema tare, ana iya bin kowane ɗayanku bashin.

Yadda ake karɓar bashin, da tarar da ke biyo baya

In har kana karɓar tallafi, daga ciki za a riƙa cirewa. Tun ƙarshen Afrilun 2025, abin da ake cirewa a mafi yawan lokuta ba ya wuce kashi 15 cikin 100 na ainihin kuɗin wata, da can kashi 25 ne. Ga ma'aurata masu fam 628.10, wajen fam 94 ke nan a wata. Bashin misalinmu na sama zai ɗauki fiye da shekara biyar a haka. In ka koma aiki ka daina karɓa, sashen bashi na DWP zai rubuto maka, kuma in ba ku daidaita ba yana iya sa a cire daga albashinka ba tare da zuwa kotu ba.

Tara hawa-hawa ce. In sakaci ne ya jawo rarar kuma ta wuce fam 65, ana iya ƙara tarar fam 50. In ana zargin da gangan ne, za a kira ka hira ta musamman da ake naɗa, wadda abin da ka faɗa a ciki zai iya zama shaida a kotu. Daga nan ana iya ba ka zaɓin biyan tara maimakon shari'a, rabin kuɗin rarar, daga fam 350 zuwa 5,000, ban da ainihin bashin. Ana kuma iya kai ka kotu, kuma wanda aka samu da laifi ana iya rage ko dakatar masa da tallafi har shekara uku. Ga mai neman zama na dindindin ko takardar ɗan ƙasa, hukuncin kotu yana iya shafar nemansa.

Kada kowa ya shiga irin wannan hira shi kaɗai. A nemi lauya ko mai ba da shawara tukuna, a kuma nemi tafinta in Turancin hukuma na ba da wahala.

Idan wasiƙar ta riga ta zo

1. Duba ranar da ke kanta. Wata ɗaya kake da shi ka nemi a sake duba hukuncin, abin da takardunsu ke kira mandatory reconsideration. In ka makara da dalili mai ƙarfi, ana iya karɓa har zuwa wata 13.
2. Nemi a ba ka lissafin a rubuce: daga wace rana suka fara ƙirgawa, wane albashi suka sa, kuma ko sun cire abin da ya kamata ku samu a matsayin ma'aurata.
3. Tara shaida. Yarjejeniyar haya, takardun wuta da ruwa, tikitin jirgi da hatimin fasfo da ke nuna ranar isowa, takardar masallaci mai ranar ɗaurin aure, da hoton saƙon da ka tura musu.
4. In ba su canza ba, kana da wata ɗaya ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafin tallafi. Kotun ba ta ƙarƙashin DWP, kuma ba a biyan ko kwabo. Ka halarta da kanka ka yi bayani.
5. In bashin gaskiya ne amma cirewar ta hana ku cin abinci ko biyan haya, kira sashen bashi ka nemi a rage abin da ake cirewa. A yanayi mai tsanani, musamman in kuskuren ofis ne kuma lafiyar iyali na cikin haɗari, ana iya roƙon a yafe. Ba kasafai ake yarda ba, amma ƙofar tana nan.

Citizens Advice da cibiyoyin lauyoyi na unguwa suna wannan aiki kyauta. Kada a ba wani kuɗi don ya cika fom, kada kuma a ba kowa lambar sirrin asusu.

Ranar tarewa

A ranar da mutum ya shigo da kayansa, ko ya fita da su, a shiga asusun Universal Credit a sanar ta wurin da aka tanada don canjin yanayi, a kuma rubuta a shafin saƙonni, a ɗauki hoton allon. A gaya wa ƙaramar hukuma ita ma, domin ragin kashi 25 cikin 100 na harajin gida na mai zama shi kaɗai ne, kuma in aka ci gaba da cin sa shi ma bashi ne.

Muna roƙon iyayenmu da malamai masu ɗaura aure su sa wannan cikin nasihar da suke yi wa ango da amarya. Tambaya ɗaya ta isa: akwai mai karɓar tallafi a cikinku, kun sanar? Duk wanda ke da wasiƙar da bai gane ba, ya kawo mana bayan sallar Juma'a mu karanta tare, mu nuna masa inda zai je tun wata ɗayan bai cika ba. Allah ya ba mu halal, ya rufa mana asiri.